Malachy Gildea da Motar da Ba Ta Gudu

A Killasheen, duk wanda ya mutu ni nake tuƙa shi zuwa maƙabarta. Sana'ar gidanmu ce. Mahaifina ya bar mini mashaya a gaba, ɗan kanti a gefe, da motar gawa a rumfar baya, kuma tun ranar da aka binne shi ban samu wanda zai karɓe ni sitiyarin ba. Sunana Dympna Lavelle. Ba labarina zan bayar ba, na Malachy Gildea ne, bakaniken garinmu. Amma tunda a kan motata abin ya faru, sai ku yi haƙuri da ganina a ciki.

Malachy dogo ne siriri, da ɗan doro irin na wanda ya ƙare kwanakinsa yana leƙen cikin inji. Ubansa maƙeri ne, a wurinsa ya fara riƙe guduma. Da ya tasa ya bi sa'o'insa zuwa Ingila, ya yi 'yan shekaru yana gyaran manyan motoci a wuraren gini, ya dawo da akwatin sifana da wani tari da bai rabu da shi ba har tsufa. Ya auri Noreen, 'yar mai gidan waya, suka kafa gareji a jikin gidansu, daidai gindin tudun Carrow inda hanya ke fara hawa zuwa maƙabarta. Allah bai ba su haihuwa ba. Da farko mutane sun yi ta ƙananan maganganu, daga baya suka gaji suka koma kan wasu.

Ba shi da yawan magana. In ka kai masa mota ka tsaya kana zuba bayani, sai ya ɗaga maka hannu ya ce ka bari ita ma ta faɗi nata. Magana ɗaya ce tasa da duk garin ya haddace. Gyaran motar da ta ƙi tashi aikin mutum biyu ne, ɗaya kansa cikin inji, ɗaya a kujera yana murɗa makulli. To mai murɗa wa Malachy makulli Noreen ce, tun suna amarya da ango. Daga kantina nakan jiyo shi yana cewa, "Murɗa, yarinya." Yarinya yake ce mata har ta yi furfura. Ita kuma takan fito daga kicin da hannu duk gari, ta shiga motar mutane ta zauna kamar tata. In ka karɓi motarka ka ga ƙullun fulawa ya bushe a jikin makulli, ka san ranar Noreen ta yi burodi.

Wani ɗan talla ya taɓa sayar masa da wani maɓalli mai doguwar waya, wanda bakanike zai danna ya tada inji shi kaɗai ba tare da ya kira kowa ba. Malachy ya rataye shi a ƙusa. A nan ya yi tsatsa.

Da sababbin motoci suka shigo, masu kwamfuta da sensa a kowane lungu, bakanikai sa'o'insa da yawa suka rufe gareji. Shi kuwa ya yi ƙorafinsa ya gama, ya sayi tabarau, ya sayi na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, ya zauna ya koya. Bai raina ta ba, bai kuma ba ta amana duka ba. Yakan ce na'urar tana nuna maka inda ake kuka, amma ba ta faɗa maka wanda ya yi dukan. Noreen ma ta koyi nata. Ta san kowace fitila da kowace allura a gaban direba, kuma kafin ya ɗago kai ta riga ta faɗa masa abin da ta gani.

Haka suka zauna har shekarar da ciwo ya kama ta. Irin ciwon nan ne da ba ma son kiran sunansa. Ta yi ta zirga-zirga zuwa asibitin babban gari, gashinta ya zube, ta koma ɗaura ɗankwali. Kowa ya sani, ba wanda ya ce komai.

A cikin wannan shekarar ne motata ta kunyata ni. Ranar jana'izar tsoho Packie Durkan, mun fito daga coci, jama'a na biye da ƙafa, ni ina gaba ina jan mota a hankali yadda aka saba. Na tsaya a ƙofar gidansa na ɗan lokaci, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci a garinmu, muka ci gaba. Mun kai tsakiyar tudun Carrow, daidai wata bishiyar ƙaya da mutanen garinmu ba sa sarewa saboda camfi, sai inji ya ɗauke. Ba tari, ba gargaɗi. Na murɗa makulli, kik mai tada inji na juyawa, mota ta ce ba ta san zancen ba. Jama'a sun tsaya cak a bayana, Fada Tiernan limamin cocinmu ya katse addu'a. Ƙarshe 'ya'yan Packie da suka zo daga Manchester ta Ingila suka tuɓe kwat suka hau turi, takalmansu na coci na zamewa a kwalta. Da tudun ya fi ƙarfinsu aka sauke akwatin aka ɗauka a kafaɗa. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige.

Abin haushi, bayan an gama binnewa na gangaro na murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Noreen na cikin masu rakiya a ranar, tana riƙe da hannun mijinta. A wurin shan shayi bayan jana'iza ta same ni ina raba sanwic raina a ɓace. Ta ɗauki ɗaya, ta dube ni, ta dubi Malachy da ke gefe yana juya kofi.

"Ni fa ba za a tura ni ba," in ji ta. "Tun ina yarinya nake hawa tudun nan da ƙafata ina kai wa mamata fure. Ba zan ƙare da maza shida suna nishi a bayana ba. Ka ji ko, Gildea?"

Ya ce mata ta daina irin wannan magana a gidan makoki. Ta ce in ba a gidan makoki ba, a ina za a yi ta? Ni kuma, da bakina da ba ya shiru, na ce in ta kama sai na aro mota daga babban gari. Nan ta juyo kaina. Ta ce motar nan ce ta ɗauki uwarta da ubanta, ita ma ita za ta ɗauke ta. Kuma a ce matar bakanike an kai ta a motar aro saboda mijinta ya kasa gyara ta gida? Ta ce ko a kabari ba za ta iya ɗaga kai ba. Muka yi dariya, don ta so mu yi. Malachy bai yi ba. Washegari da safe ya zo ya ɗauki motar.

Ya jona na'urarsa, ta ce akwai saɓani tsakanin sensa biyu. Ya yi mini bayani yana goge hannu, na kuma riƙe, don motata ce. A gindin inji akwai sandar da ke juyawa, karanshaf, da sensa mai ƙirga juyinta. A sama kuma akwai kamshaf mai buɗe bawul da rufewa, shi ma da nasa sensan. Kwamfutar mota sai ta saurari su biyun kafin ta saki mai da wuta. In na sama ya yi shiru, mota takan wahala amma sau da yawa tana lallaɓawa. In na ƙasa ya yi shiru, kwamfuta sai ta ɗauka inji ya tsaya, ta yanke komai nan take. Na'urar dai ta ce ba sa jituwa, ba ta ce wane ne mai laifi ba. Da ya duba na sama ya same shi jiƙe sharkaf da baƙin mai, wayarsa ta fara ci. Ya auna na ƙasa da mita ya ga lafiyarsa ƙalau. Kowane bakanike abin da zai yi ke nan: ya canja na sama.

Sannan ya fita gwaji. Manoman bakin teku har yau suna ba da labarin ranar da suka ga motar gawa ta wuce su a guje kamar mutuwa ta yi lattin wani wuri. Ya je ya dawo, ya hau tudun Carrow ya sauko, ko gezau ba ta yi ba. Ya miƙo mini makulli ya ce ta warke.

Jana'iza ta gaba ta tsohuwar malamar makarantarmu ce. A daidai bishiyar ƙayar nan mota ta sake mutuwa.

Daga nan tsofaffin mata suka samu abin yi. Wai ba inji ba ne, bishiyar ce. Wai matattun bana ba sa son hawa. Ni ban da lokacin wannan, na tafi gareji da zafina na faɗa wa Malachy abin da ke bakina. Ya tsaya ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Na sani, Dympna. Ai ba ke kaɗai ke jiran motar nan ba." Ya kalli tagar gidansu. A makon ne asibiti suka sallamo Noreen, suka ce ta koma gida ta huta, kuma duk mun san abin da wannan hutun ke nufi. An sauko mata da gado ƙasa, kusa da tagar da ke kallon gareji.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin mutum a rabe biyu kamarsa ba. In yana wurinta hankalinsa na kan mota, in yana kan mota idonsa na kan taga. Ya canja filtar mai. Ya duba famfon mai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana girgiza su. Ya bar inji na aiki a tsakar gareji rabin yini, bonet a buɗe, shi yana tsaye a kai yana jira ta mutu, ta ƙi. Ya sake fita da ita a guje, ta ƙi. Ciwon da ba ya zuwa sai ya ga dama ya fi kowane ciwo wahalar da bakanike, don ba ka gyara abin da ba ka kama ba. Ya rame ya yi baƙi. Tausayinsa ya kama ni har na daina tambayarsa.

Wata ranar Talata na kai wa Noreen miya. Na same ta an jingina ta da matasai tana kallon mijinta ta gilashi. Ta zama 'yar mitsitsiya, amma idon nan nata na nan yadda yake. Ta tambaye ni ko na taɓa gudu da gawa. Na ce Allah ya kiyaye. Ta tambaye ni ko na taɓa raka gawa da bonet a buɗe. Na ce wace irin tambaya ce wannan. Sai ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta, ya shigo yana goge hannu.

"Gildea, motar nan tafiyar ƙasa take yi," in ji ta. "Tunda aka saye ta ba ta taɓa wuce saurin tsohuwa mai sanda ba in tana bakin aiki. Kai kuma ka mai da ita dokin sukuwa. In ba ka gudu da ita ba, ka buɗe mata baki tana shan iska. Ta yaya za ta nuna maka ciwonta?"

Ya tsaya da tsumma a hannu. Na ga abin na shigarsa a hankali. Mota in tana gudu iska na ratsa ta tana kwashe zafi. In bonet na buɗe zafi na fita ta sama. Amma a tafiyar jana'iza, bonet a rufe, ba iska, ga nauyi ga hawa, zafi sai ya taru a gindin inji inda bututun salansa ya wuce. A nan kuwa sensan ƙasa yake zaune. Siririyar wayar da ke cikinsa in ta tsufa takan rabu idan ta ji zafi, ta koma ta haɗe in ta huce. Shi ya sa duk lokacin da ya auna shi da sanyi yake samunsa lafiya.

"Sai an yi wa motar tafiyar jana'iza ke nan," ya ce a hankali.

"Sai an yi mata," in ji Noreen. "Kuma da ni za a je."

Ya ce ba inda za ta. Ta ce to wa zai murɗa masa? Ya ce ga Dympna. Ta ce Dympna ta iya tuƙi, amma in aka tambaye ta abin da allura ta yi sai ta ce wace allura. Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ce. Suka yi ta ja, har nas ɗin da ke zuwa duba ta ta shigo ta tarar da su. Ta saurari kowa, ta ja Malachy gefe ta ce masa ya bar ta ta je, babu abin da zaman gado zai ƙara mata yanzu.

Washegari da rana muka taru a ƙofar coci. An yi sa'a ba ruwa. Noreen ta sa jar rigar sanyinta, har da jan baki. Malachy ya ɗauko ta cak ya zaunar a gaba kusa da ni, ya lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Ya kawo buhunan abincin maraƙi zai loda a baya don su tsaya a madadin nauyin akwati. Ta leƙa ta ce masa biyu sun isa, yanzu ba ta fi haka ba. Ya sa biyun, ya rufe ƙofa, ya daɗe yana gyara marfin da ba abin da ya same shi.

Ya ce shi a baya zai bi da ƙafa. Famfon mai a can baya yake, cikin tanki, yana so ya ji da kunnensa ko famfon ne ke fara yin shiru ko inji. Ya cusa kwalbar ruwan sanyi a aljihun rigar aiki. Muka bar inji ya yi zafi, na ja mota.

Ban yi tunanin mutanen gari ba sai da muka shiga babban titi. Mai kantin magani ta hango mu ta sauke labule. Mazan da ke tsaye a kwana suka cire huluna. Wata mata ta tsaya da kekenta ta yi alamar gicciye. Ba a buga ƙararrawa ba, ba a sanar da mutuwar kowa ba, amma motar gawa na tafe a hankali, hannu ya riga tunani. Sai da muka matso suka ga wadda ke zaune a gaba.

Noreen ta sauke gilashi. "Mayar da hularka, Fintan, kada sanƙo ya ɗauki sanyi. Gwaji ne."

Fintan mahauci ne, sun yi aji ɗaya da ita. Ya yi dariya. Bai mayar da hular ba. Na duba madubi na ga abin da yake kallo: Malachy shi kaɗai a tsakiyar titi, hannu a baya, kai a karkace yana sauraro, yana bin motar gawa da matarsa a ciki. A garinmu ba a barin mutum ya bi wannan motar shi kaɗai. Fintan ya kwance ƙyallen aikinsa ya ajiye a kan taga, ya shiga bayansa. Mai kantin magani ta fito ta ja ƙofa. Mazan kwana suka biyo. Kafin mu fita daga titin an yi ɗan taro. Wani ya fara addu'a ƙasa-ƙasa, Malachy ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba, aka yi tsit, don yana sauraron famfo.

Da muka zo ƙofar gidan Malachy da Noreen ƙafata ta taka birki da kanta. Sabo ne, ban shirya ba. Noreen ta dubi gidan, ta dubi tagar da gadonta yake, ta dafa mini gwiwa.

"Wuce, Dympna. Ba yau ba."

Muka fara hawa. Idon Noreen na kan allurai. Ni kuwa a karo na farko a rayuwata ina roƙon motata ta mutu. Daf da bishiyar ƙaya sai sitiyari ya yi nauyi a hannuna, fitilu suka kunno jajaye. Na ja birkin hannu.

Malachy ya iso yana haki. Ya ce famfo bai yi shiru ba sai bayan inji ya tsaya, saboda haka ba shi ba ne. Ya ce in sauka. Ya zagaya ya ɗauko Noreen da bargonta ya zaunar da ita a kujerata, ya matso mata da kujerar gaba. Ya ɗaga bonet, zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Ya sunkuya.

"Murɗa, yarinya."

Sai da ta haɗa hannu biyu kafin makullin ya juya. Kik ya yi ta juya inji, inji bai kama ba.

"Allura na kwance," in ji ta. Muryar ba ƙarfi, amma kowa ya ji. "Ko motsi ba ta yi."

Allurar da ke nuna juyin inji take nufi. Ko mota ba ta tashi ba, in ana murɗawa allurar kan ɗan yi rawa, alamar kwamfuta na jin karanshaf na juyawa. In ta kwanta shiru, to labari ba ya isa. Malachy ya zura dogon hannunsa can ƙasa ta gefen salansa. Na ji ƙaurin fata, bai ko janye ba. Ya kwance murfin kwalba da haƙori ya tsiyaya ruwan a kan sensan ƙasa, tururi ya taso. Muka jira. Ba ka jin komai sai tumaki a gona da tarin Malachy.

"Murɗa."

Ta murɗa. Mota ta tashi.

"Ta motsa," in ji Noreen. Ta jingina kai da kujera ta rufe ido tana murmushi. "Sai da na faɗa maka, Gildea."

Wani a baya ya fara tafi, ya tuna motar da yake tsaye a bayanta, ya bari. Malachy bai ɗago ba. Ya daɗe kansa na cikin inji, kafaɗunsa na motsi, alhali babu sauran abin dubawa a wurin. Muka juya masa baya muna kallon teku har ya gama.

Sabon sensa ya iso cikin makon. Ya ɗaura shi, ya yanko murfin wani tsohon gwangwanin biskit na Noreen ya lanƙwasa ya yi masa garkuwa daga zafin salansa. Ya sake gwada ta a tafiyar ƙasa, ni da shi kawai, don a lokacin Noreen ba ta iya tashi zaune. Ta haye tudun har ƙofar maƙabarta. Da muka dawo ya shiga ya faɗa mata. Ta ce to madalla, yanzu sai ya wanke hannu ya zo ya zauna. Ya rufe gareji, bai sake buɗewa ba sai bayan komai ya wuce. Ta cika wata safiya a farkon kaka, yana riƙe da hannunta, tabon ƙunar nan bai gama warkewa a damtsensa ba.

Ban taɓa ganin jana'iza mai jama'a kamar tata ba. Na wanke motar da kaina har sau biyu. A ƙofar gidansu na tsaya, na kuma daɗe fiye da yadda aka saba, ba wanda ya yi tari. Sannan na saki birki muka fara hawa.

Idona rabi a hanya rabi a madubi. Malachy na gaban masu rakiya cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, Fintan a gefensa. Fada Tiernan na jan addu'a jama'a na amsawa, amma shi bakinsa ba ya motsi. Kansa a karkace yake, yana sauraro. Muka zo bishiyar ƙaya. Inji bai ko canja murya ba. Muka wuce ta, muka wuce ƙofar gona ta ƙarshe, muka shiga maƙabarta. Na kashe mota da hannuna. Ba a tura Noreen ba.

Bayan an rufe kabari mutane suka yi layi suna ba shi hannu suna yi masa ta'aziyya. Maza da yawa, da ba su san abin da za su ce ba, sai suka yabi aikin. Wai ta hau lafiya, Malachy. Wai ko agogo sai haka. Yana gyaɗa kai yana godiya. Da aka watse aka gangara shan shayi, na same shi tsaye a gaban motar, ya ɗora tafin hannu a kan bonet da bai gama hucewa ba. Na ce masa ya cika mata alkawari, ya kamata hankalinsa ya kwanta.

Bai kalle ni ba.

"Tun daga ƙofar gida nake roƙon motar nan ta mutu, Dympna," in ji shi. "Na ce ko a wurin ƙayar nan ta tsaya. Da sai an jira ta huce. Da na samu ɗan lokaci, ina nan a kan inji, Noreen tana ciki."

 Na buɗe masa ƙofa na ce ya shiga in sauke shi gida. Ya dubi kujerar gaba, ya girgiza kai.

"Na gyara ta da kyau," ya ce.

Ya sa hularsa ya gangara tudun da ƙafa.